Amsa ga ƙanena na Aliero: kada a sayar da fadamar Baba

Assalamu alaikum ƙanena. Ka ce ka gama digirin fiziks a jami'ar Aliero, kana son zuwa Amurka koyon ɗaukar hoton duwatsun ƙarƙashin ƙasa, har kana tunanin Baba ya sayar da fadamarsa ya biya maka. A bar fadamar nan. Digirin digirgir a wannan fanni, galibi malamin da ya ɗauke ka ne ke biyan kuɗin makaranta daga kuɗin bincikensa, har da ɗan alawus. Akwai kuma tallafin PTDF, asusun gwamnatin Najeriya mai ɗaukar nauyin karatu a fannin man fetur.

Abin da zai sa a ɗauke ka lissafi ne. Ana aika girgiza cikin ƙasa, a auna lokacin da ta yi kafin ta dawo, a mayar da lokacin ya zama zurfi. To amma a lakar da ta daskare falle-falle, irin shimfiɗar Dange da ke kwarin Sakkwato, girgiza ta fi gudu idan ta bi shimfiɗar fiye da idan ta ratsa ta. Ka dai san faskare, gatari ta tsawon itace yake wucewa. Na'urorin da ake jerawa a doron ƙasa kuwa gudun da ya karkata gefe suke kamawa, alhali gudun da ya ratsa shimfiɗar ake buƙata don lissafa zurfi. Wanda ya ɗauka gudun ɗaya ne ta kowace fuska, ya yi kuskuren kashi 10 cikin 100, zai zana dutsen da ke zurfin mita 3,000 ya kauce da kusan mita 300. Sai an haƙa rijiyar mai, kuɗi sun tafi, sannan asiri ya tonu. A 1986 Leon Thomsen ya taƙaita wannan bambanci a ma'auni uku, efsilon, delta da gama, kuma har gobe da su muke aiki. Delta, wadda ke nuna bambancin gudun da na'urorin doron ƙasa ke kamawa da gudun da ya ratsa shimfiɗar, ita ce mai ba da wuya, don da ƙyar ake gano ta ba tare da bayanan rijiya ba.

Kafin ka rubuta wa kowane farfesa, ka zauna da Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta. Ka sauke Seismic Unix, manhajar sarrafa bayanan girgizar, kyauta ce, daga Colorado School of Mines ta fito. Ka ƙera shimfiɗa uku a kwamfutarka, ka canza delta, ka ga yadda zurfin ke motsawa. Hoton nan za ka liƙa a wasiƙarka, ya fi dogon bayanin cewa kana da sha'awa.

Ka fara neman takardar sakamakonka tun yanzu, tana ɗaukar lokaci. Ka gaishe da Baba da Inna.