'Yata ta kwance rediyon babanta

Assalamu alaikum Anti,

Ina da 'ya mai shekara 10, tana aji biyar na firamare. Tun tana ƙarama bakinta ba ya hutawa da tambaya: me ya sa wata yake bin mu in muna tafiya, me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Yanzu abin ya tashi daga baki ya koma hannu. Ta kwance tocila, ta kwance fankar caji, makon jiya kuma rediyon babanta, wai tana neman inda muryar take fitowa. Ya zane ta, ta kwana tana kuka. Malaminsu ya ce tana riga kowa gama aiki, sannan ta dami aji da surutu. Surukata kuwa cewa take rawar kai ce, ina ruwan 'ya mace da kayan wuta, a sa ta a kicin. Ni karatuna iyakarsa sakandare, yawancin tambayoyinta sun fi ƙarfina. Ina tsoron wuta ta ja ta, ina kuma tsoron mu kashe mata zuciya. Yaya zan yi?

Wata uwa daga Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya miki ita, ya yi mata albarka.

Wannan baiwa ce, kuma duka ba ya cire ta. Iyakarsa ya koya wa yarinya yi a ɓoye, nan kuma haɗarin yake. Ki fara da maigida, lokacin da ransa yake wasai. Yana da gaskiya a kan rediyonsa, don haka ta ba shi haƙuri, ta kuma san ba a taɓa kayan mutane sai da izini. Amma a ba ta nata: kwali guda, a zuba mata matattun tocila, tsohon rediyo daga wurin mai gyara, sukundireba da baturan tocila.

Sai a gindaya sharaɗi, a kuma gaya mata dalili, don irinta ba sa jin "kul" kawai. Duk abin da ake jonawa a soket ba nata ba ne, wutar gida tana kisa. Tsohuwar talabijin tana riƙe wuta a cikinta ko an zare ta. Batirin waya yana kamawa da wuta in an huda shi.

Kada ki ja da Hajiya. Kicin ɗin ma makaranta ne. Ki jiƙa zoɓo, ki raba kofi biyu, ta matsa lemon tsami a ɗaya, ta ɗiga ruwan kanwa a ɗayan. Na farko zai ƙara ja, na biyu ya rikiɗe ya yi duhu-duhu zuwa kore. Ki bar ta ta faɗi abin da take zato kafin ta zuba, ta rubuta a littafi abin da ta gani.

Tambayarta ta randa kuwa ta burge ni ƙwarai. Ruwa yana tsatsowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Da wannan ilimin wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba, har ya ci lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000. Ku gwada da tumatir, ku ajiye wani a waje, ta riƙa dubawa kullum. In ta tambayi abin da ya fi ƙarfinki, ki ce "zo mu bincika", ku rubuta, ku kai wa malamin kimiyya.

Batun gaba, Kano tana da kwalejojin kimiyya tun 1977, lokacin da aka buɗe na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, akwai kuma ta 'yan mata a Garko. Gwamnatin Tarayya tana da makarantar yara masu hazaƙa a Suleja, NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Ki fara tambayar shugaban makarantarsu tun bana.

Ina roƙonki kada a riƙa baje kolinta gaban baƙi, ko a yi wa 'yan'uwanta gori da ita. Ta yi wasanta, ta je islamiyya, ta yi wanke-wankenta kamar kowa. Malaminta kuma ki same shi da kanki, ki roƙe shi ya tanadar mata ƙarin aiki mai ɗan wuya wanda za ta kama da zarar ta gama na aji.

Anti