Agogon Baba ya daina taɓa shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Kunnen mahaifina ya yi nauyi, sai na sayo masa agogon hannu mai girgiza don ya san an kira shi, ya kuma tashe shi da Asuba. Wata uku ke nan, yanzu ya ce ba ya jin komai. Ya lalace ne? (Mai karatu, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi)

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ka yi saurin kai wa mai gyara, fara duba ɗaurin. In agogon na yawo a hannu, girgizar a iska take ƙarewa. Matsa shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa ɗaya, ya kwanta a kan fata.

Sai batir. Agoguna masu araha galibi ɗan inji ne a cikinsu mai kama da kwabo, faɗinsa milimita 10, yana juya wani ƙarfe mai nauyi a gefe ɗaya. Wuta ta yi ƙasa, juyin ya yi sanyi. Masu tsada, irin Apple Watch da ya fito a 2015, maganaɗisu ne ke kai da komo a ciki, bugunsa ya fi kaifi. Zufar bazara kuma tana sa ƙarafunan caji tsatsa: goge su da busasshen ƙyalle, kada a yi caji a rana, batirin ba ya son zafin da ya haura digiri 45. Duba Bluetooth ma, don salula mai tanadin batir takan kashe manhajar agogon ba sallama.

Yanzu ɗaura shi a hannunka. In kai kana ji, Baba ba ya ji, to maganar ta bar agogo. Jin girgiza yana raguwa da tsufa, ciwon suga ma yana dakusar da jijiyoyi. A kai shi likita.

Tambaya: Rigar nan mai girgiza da ake sawa don wasannin bidiyo, da gaske ana jin duka a jiki? (Ɗalibi, unguwar Zariya)

Amsa: Girgiza ce kawai, ɗan'uwa, ba zafi. Wata rigar kamfanin bHaptics injunan girgiza 40 gare ta, gaba da baya. Sun wadatar, don gadon baya ba ya bambance taɓi biyu sai tazararsu ta kai wajen santimita 4, alhali kan yatsa milimita 2 zuwa 3 sun ishe shi. A zafin Afrilu dai, sa ta kan singileti.