Auta, ga amsar tambayarki kan fai ɗin sitiroberi

Auta barkanki da war haka, ya su Inna da yaran, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonki, kika ce kin ga hoton tiren da muka kai masallaci kin ɗauka mitfai ne sai da kika hango wanda aka gutsira kika ga ja da fari a ciki, shine kike tambaya wai mu da muke Amurka nama ne ya gagare mu ko kuwa me ya kai 'ya'yan itace cikin fulawa. Nama kam yana nan muna ci alhamdulillahi, mitfai ma muna yi. Wannan wani abu ne daban, kayan zaƙi ne, sitiroberi ne da kirim cis, wani cuku mai laushi, a cikin ɓawon fulawa da bota, ana yinsa daidai tafin hannu yadda mutum zai ɗauka ya ci a tsaye ba sai da faranti ko cokali ba. Kuma a nan Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa, ya riga ya shiga cikin kayan da matanmu ke haɗawa in suna ya tashi ko walima ko sallah, ana jera shi kusa da cincin da dubulan ba wanda yake mamaki.

Kin san a gida in an ce kayan fulawa to suya ce. A nan kuwa kusan duk gidan hayar da za ki kama da oben ɗinsa a ƙasan murhu, kin biya ko ba ki yi amfani da shi ba, sannan ga na'urar hayaƙi a maƙale a silin, ki ɗora mai ki fara suyar cincin mai yawa sai ta ɗau ƙara maƙwabta su fito suna leƙe, ga gidajen a rufe ruf lokacin sanyi warin mai ya kama labule da kayan sawa. Ba 'yar aiki, ba ƙanne a kusa da za a ce zo ki riƙe min matsami, ke ce aiki a waje ke ce ɗauko yara makaranta ke ce girki. To abin da za ki haɗa ranar Lahadi ki jera a firiza, duk ranar da baƙi suka yi sallama ki zura a oben minti 25 ya fito da zafinsa, dole mace ta so shi.

Amma babban dalilin da ya sa muke yi da hannunmu maganar halal ce, kuma nan nake so ki fahimce mu sosai don mutanen gida suna ɗauka duk abin da ba nama a ciki shikenan ya halatta. Ba haka abin yake a ƙasar nan ba. Ɓawon fai da ake sayarwa a naɗe a kanti, wanda za ki warware kawai ki zuba haɗi, da yawansu da kitsen alade ake yi, don Amurkawa tun kakanninsu da shi suke ɓawon fai saboda yana sa shi garas-garas. Wasu kayan zaƙin na kwali kuma akwai jelatin a cikin farin abin da ake shafa musu a sama, shi kuma daga fata da ƙashin dabbobi ake samunsa, ko alade ko saniyar da ba ki san yadda aka yanka ta ba. Sai banila, wannan ruwan ƙamshin da ake ɗigawa a kek, a dokar ƙasar nan kafin a kira shi tsantsar banila sai ya zama aƙalla kashi 35 cikin 100 giya ce. Malamai sun yi saɓani a kai, wasu sun ce ɗigon da ya narke a cikin ƙulli ba ya bugarwa ba laifi, wasu sun ce a bari. Ni dai da yawancin matan da muke tare mun zaɓi mu bari, muna sayen wadda ba giya ko ta gari, tunda akwai, me zai sa mutum ya zauna cikin shakka. Za ki ga mace a tsaye gaban kanta ta juya bayan kwali tana karanta ƙananan rubutu da yaro a goye, mu nan wannan ya zama jiki. Yaro kuma ya ga abokansa na cin abu a makaranta ya zo yana roƙo, kullum ki ce haram haram ba ki ba shi madadi ba, wallahi wata rana zai ci a bayan idonki. Gara ki koya ki yi masa wanda ya fi na kantin daɗi.

Waɗanda suka koya mana kuwa 'yan'uwanmu ne Musulmi baƙaƙen fatar Amurka da muke haɗuwa a masallaci. Su mutanen fai ne na gaske, suna da wani da suke yi da farin wake da madara da ƙwai wanda ya samo asali tun zamanin ƙungiyar Nation of Islam, kuma da jama'a da yawa suka bi Imam Warith Deen Mohammed suka koma tafarkin Sunna bayan rasuwar mahaifinsa, shugaban ƙungiyar, a 1975, fai ɗin waken bai bar gidajensu ba. Wata dattijuwa a cikinsu ita ta kama hannuna ta nuna min yadda ake murtsuke bota a fulawa, mu kuma muka koya musu zoɓo da ƙosai. Allah ya saka mata da alheri.

Shi sitiroberi a nan ba abin masu kuɗi ba ne yadda yake a manyan kantunan Kano da Abuja. Kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ake nomawa a Amurka daga Kalifoniya yake fitowa, lokacin sanyi kuma na Fulorida ke cika kasuwa. Amma na jiharmu yana nuna ne daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, kuma akwai gonakin da ake barin mutane su shiga da kansu, a ba ki bokiti ki tsinka a auna ki biya. Mukan haɗu gida uku huɗu, mu 'yan Najeriya da 'yan Nijar, Hausawan Maraɗi da Damagaram da Zabarmawa don suna da yawa a garin nan, a cika motoci da yara a tafi da sassafe kafin rana ta yi. Za ki ga mata da hijabai sun duƙa tsakanin kunya-kunya, yara baki da riga duk sun yi ja. Abin da muke faɗa wa yaran shine su tsinko wanda ya yi ja har wuya, don shi in an cire shi daga jikin uwarsa ba ya ƙara nuna, kuma ba a wanke shi sai za a yi amfani da shi, in ya sha ruwa ya kwana sai ya fara funfuna. Kin dawo gida da bokiti biyu abin da ba ya jure kwana uku, to dole ki san yadda za ki yi da shi.

A 2020 ne abin ya bazu a tsakaninmu sosai. Azumin shekarar ya faɗo ƙarshen Afrilu zuwa Mayu daidai kakarsa, ga korona an rufe masallatai ba buɗa baki tare, kuma mu ba za mu iya azumi ya wuce ba a kai wa maƙwabci kwano ba. Sai aka koma abin da za a naɗe ɗaya-ɗaya a takarda a ajiye a bakin ƙofa a buga waya a ce ga saƙo nan. Yanzu azumi ya ja baya ya koma wajen Fabrairu da Maris, sai dai mu sayi na Fulorida ko wanda aka daskarar, amma al'adar ta zauna.

Farin abin da kika gani shine kirim cis. Kar ki kawo cukun Nijar ɗin nan busasshe a ranki ko awara, wannan laushi gare shi ana shafa shi a burodi, da madara da kirim ake yinsa, yana da ɗan tsami kaɗan da maiƙo, a ƙa'idar nan dole mai ya kai kashi 33 cikin 100. Wanda aka fi sani Philadelphia, sunan wani birni ne a wata jihar, duk da a jihar Niyok aka fara yinsa wajen 1872. Amfaninsa a ciki shine ya kwantar da tsami da zaƙin sitiroberin, in babu shi sai ki ji kamar jam kawai kike ci a fulawa.

Ga yadda nake yi. Fulawa kofi biyu da rabi, gishiri ƙaramin cokali, suga babban cokali ɗaya, bota giram 225 mai sanyi ƙarara daga firij a yanka ƙanana. Ki zuba botar a fulawa ki riƙa murtsukewa da kan yatsu da sauri, kuma kar ki bari ta narke ta ɓace, ana so ki riƙa ganin gutsattsarinta. Nan ne hannun da ya saba da mitfai yake kuskurewa don mun saba a murza har ya yi laushi. Waɗannan gutsattsarin su ne in sun shiga zafin oben ruwan cikinsu ya zama tururi ya ɗaga ɓawon ya yi fallen-fallen. Sai ruwan ƙanƙara cokali-cokali, wajen shida zuwa takwas, da ya haɗe ki tsaya, ba a kwaɓa shi da ƙarfi in ba haka ba ya yi tauri. Ki naɗe a leda ki sa a firij awa ɗaya.

Kafin nan ki yanka sitiroberi wajen giram 450 ƙanana, ki sa a tukunya da suga kwatan kofi da ɗan matsin lemon tsami da kwanfulawa babban cokali ɗaya da rabi, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ya yi kauri yana sheƙi. Wasu suna zuba shi ɗanye, ni ban yarda da wannan ba sam, don abin nan sama da kashi 90 cikin 100 ɗinsa ruwa ne, zai tsiyaye a oben ya jiƙa ƙasan fai ɗin ya ƙone a tire. Ki sauke ya huce sosai, da ɗuminsa in ya taɓa ƙullin botar ta narke aikinki ya lalace. Kirim cis kuma rabin kwali ya isa, wajen giram 110, ki buga shi da suga cokali biyu da banilar da na ce.

Sai ki murza ƙullin da faɗi, ki sa bakin kofi ko murfin kwano ki fitar da zagaye, ki ɗora kirim cis ƙaramin cokali sitiroberi a kansa. Kar zuciya ta ja ki ki cika, zai fashe. Ki shafa ruwan ƙwai a baki ki ninke ki danne da cokali mai yatsu, ki tsaga saman da wuƙa wuri biyu don tururi ya samu hanya, ki mayar firij minti 15, ki shafa ƙwai a sama, sai oben mai zafin 200 na ma'aunin gida, a nan 400 muke gani a jikin namu, minti 20 zuwa 25 har ya yi ruwan zuma. In ya fito a ba shi lokaci, cikin yana da zafin da zai sale harshen yaro. Wannan wajen dannewa da cokali mai yatsu aikin yara ne a gidana, har namijin, kuma a wajen nake samun su yi min Hausa don na ce ba mai taɓa ƙulli sai da Hausa a bakinsa.

Ba kowa ke so ba fa. Iyayenmu da ke zuwa ganin jikoki yawanci sun gutsira sau ɗaya sun ajiye, su ce tsami, a kawo musu ƙosai da kunu. Mazan ma da yawa haka. Kuma ni kaina akwai abin da ba na so a yadda wasunmu suka ɗauko shi, wato a gama gasawa kuma a kwarara masa narkakken suga a sama yadda Amurkawa ke yi. Ciwon suga yana cin mutanenmu a nan ƙwarai, ga zama a mota ga zama a wajen aiki, ban ga dalilin ƙara zaƙi a kan zaƙi ba, ni ƙwai kawai nake shafawa. Wani abin da ya ƙara masa karɓuwa a taron yara shine ba gyaɗa a ciki. A ƙasar nan akwai yaran da in suka ci gyaɗa numfashinsu ke sarƙewa sai an garzaya asibiti, makarantu da yawa sun hana shigo da ita, mu kuma kin san mu da gyaɗa, ƙuli-ƙuli ne kunun gyaɗa ne yaji ne man suya ne. To in za ki kai abu Islamiyyar ƙarshen mako inda 'ya'yan Somaliya da Sudan da Pakistan da namu suke zaune tare, sai kin yi tunanin ɗan wani.

In kina son gwadawa a nan Kano zai yiwu. Ana noman sitiroberi a Filato wajen Jos kuma lokacin sanyi yake fitowa, wanda shine ma lokacin da ya dace da aikin, don a zafin Afrilu botar za ta narke miki a hannu kafin ki gama murzawa. Ki yi da asuba, ki sa kwanon ƙullin a kan wani kwano mai ƙanƙara. Ki nemi bota ta gaske, in ta yi tsada majarin mai tauri zai yi amma ba zai tashi sosai ba. In ba ki samu kirim cis ba ki zuba kindirmo mai kyau marar suga a farin ƙyalle mai tsabta ki ɗaure ki rataye a firij ya kwana ruwan ya tsane, abin da ya rage mai kaurin nan ki sa masa suga da ɗan kwanfulawa. Mangwaro ko abarba ma suna yi a madadin sitiroberi, ki dafa su dai yadda na ce. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai, abin madara ne, a nan ƙa'idar da ake bi kar ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura 32 na ma'aunin gida awa ɗaya, don haka in kin san wuta ba ta zama a unguwarku ki yi daidai wanda za a cinye a ranar. Ki gaida min Inna, ki ce mata jikokinta suna nan suna tambayarta.