Tambayi Likita: Hawan Duwatsu da Saran Kububuwa

Yawancin wasiƙun wannan mako sun zo ne daga masu hawa duwatsu, ko don motsa jiki ko don kiwo, tun daga na unguwar Birni a garin Damagaram har zuwa na ƙauyukan Mirya da Damagaram Takaya, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Abin da na rubuta a nan ba zai maye gurbin zuwa asibiti ba.

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou. Duk sanda muka hau dutse da abokaina sai in yi ta haki, wani ya ce mini iska ce ta yi ƙaranci a sama. Gaskiya ne?

Amsa: Ba haka ba ne, ɗana. Ciwon ƙarancin iska galibi ba ya farawa sai an haura mita 2,500, alhali ƙololuwa mafi tsawo a Nijar, wadda ke Bagzam a jihar Agadas, mita 2,022 ce, duwatsunmu na Damagaram kuwa ba su kama ƙafarta ba. Rashin sabo ne kawai. Amma idan hakin ya zo da jiri ko ciwon ƙirji, ko kana da sikila, ka je a duba ka.

Tambaya: Shekaruna sun haura hamsin, ina unguwar Zango, kuma ina shan maganin hawan jini. Zan iya bin yara hawan dutse?

Amsa: Za ka iya, Alhaji, matuƙar an auna jininka an ga ya daidaita kuma ba ka fasa shan magani ba. Ka fita bayan sallar asuba da gorar ruwa, ka dawo kafin rana ta take, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Idan ka ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwon ya gangara hannu ko muƙamuƙi, ka zauna nan take, a ɗauke ka zuwa asibiti.

Tambaya: Abokanmu na shan tramol kafin mu fita, sun ce yana hana gajiya. Ƙwaya ɗaya tana da illa?

Amsa: Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai ƙwarai. Tramol ba ya ƙara wa kowa ƙarfi. Ɓoye ciwo da gajiya yake yi, yana kawo jiri, kuma yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ko da bai taɓa yi ba. Wanda ta kama a gefen dutse faɗowa zai yi. Kada ka sha, kuma duk wanda ya kasa bari ya zo asibiti a taimake shi.

Tambaya: Likita, ni uwa ce daga wani ƙauye kusa da Mirya. Maciji ya sari ɗana a ƙafa yana kiwon awaki a kan dutse. An ɗaure cinyar da igiya, an tsaga wurin da aska, an manna baƙin dutse. Washegari dasashinsa ya fara jini, sai muka kai shi asibiti, aka yi masa allura ya tashi. Maƙwabta sun ce dutsen ne ya cece shi, in saya in ajiye. Me ka gani?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya ƙara masa lafiya, kuma kin kyauta da kika kai shi. Zan tsaya a kan tambayarki fiye da sauran, domin irin wannan labari muke ji duk damina da kaka, kuma ba kowane yaro ne ake kawowa da sauran lokaci ba. Kada ki sayi dutsen nan.

Alamun da kika faɗa sun yi kama da saran kububuwa, ƙaramar macijiya mai launin ƙasa wadda ke kwanciya a tsagar dutse da ƙarƙashin tarin kara, kuma idan ta fusata takan goga jikinta ta yi ƙara kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. Dafinta yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare. A ranar farko mutum zai iya zama yana hira, ba abin da ake gani sai kumburi, mutanen gida su ce magani ya kama, alhali jininsa ya riga ya tsinke. Daga nan sai jini ya ɓullo a dasashi, ko a fitsari, ko a tsohon miki, wani lokaci kuma ya zuba cikin ƙwaƙwalwa inda ba mai ganinsa. A asibiti muna da gwaji mai sauƙi: mukan ɗebi jini kaɗan mu zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, mu ajiye ta minti 20 ba a taɓa ba, sannan mu karkata ta. Idan jinin ya gudana kamar ruwa, dafi na aiki, kuma babu abin da ke tsayar da shi sai allurar kashe dafi.

Baƙin dutsen da ake sayarwa a kasuwa galibi ƙashi ne da aka ƙona. Yana manne wa miki saboda yana tsotse danshi, amma dafin ya riga ya shige can cikin tsoka tun lokacin saran. Abin da ya sa mutane suka amince da shi shi ne, ba kowane maciji ke da dafi mai kisa ba, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan yi sara bai zuba komai ba. Waɗannan mutane za su warke ko an sa dutse ko ba a sa ba, sai dutse ya kwashe yabo. Ɗanki kuwa yana tare da dutsen jininsa ya tsinke.

Tsagawa da aska ita ce ta fi tayar mini da hankali. Yaya za a yanka mutumin da jininsa ba ya daskarewa, kuma da askar da ba a tafasa ba? Ɗaurin igiya shi ma yana hana jini isa ƙafa, har nama ya mutu ya ruɓe, a ƙarshe a yanke ƙafar da ba dafi ne ya kashe ta ba. Tsotsa da baki, da shafa fetur, da ɗura wa mutum jiƙo don ya yi amai, duk ɓata lokaci ne da ƙarin cuta. Masu cewa sun sha maganin maciji tun suna yara, don haka sara ba ya kama su, su ma su zo asibiti kamar kowa.

Ga abin da za a yi. A janye mutum daga wurin, a kwantar da shi, a kwantar masa da hankali. A cire zobe da munduwa da kambu da takalmi kafin kumburi ya hau. A sa wa ƙafar karan dawa ko sanda a naɗe da ƙyalle sako-sako don kada ta motsa, kuma kada a bar shi ya taka da kansa. A ɗauke shi a amalanke ko mota, in babur ne kawai ake da shi wani ya zauna a baya ya riƙe shi. Kada a tsaya farautar macijin. Don ciwo a ba shi farasitamol kaɗai, ban da asfirin da ibufurofen da diklofenak, domin suna ƙara zubar jini. Na san allurar tana da tsada kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke da ita ba, amma ku fara da wanda ya fi kusa, su za su tura ku asibitin gunduma ko babban asibitin Damagaram. Yara da mata masu ciki sun fi kowa shiga haɗari. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara.

Kuɗin dutsen ki saya wa yaron takalmi mai rufe ƙafa da tocila, ki kuma hana shi zura hannu a rami ko tsagar dutse neman gafiya. Idan jini ya sake fitowa, ko mikin ya yi baƙi ko wari, ki mayar da shi asibiti a ranar.

Tambaya: Mukan sha ruwan da ya taru a kwarmin dutse, mu yi wanka a tafki idan mun sauko. Akwai matsala?

Amsa: Akwai. Dabbobi da tsuntsaye na sha a wurin suna kashi, don haka ku tafi da ruwanku daga gida. Wankan tafki kuma shi ke kawo tsargiya, kuma fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa. Cuta ce mai lalata mafitsara, tana da magani a asibiti.

Tambaya: Na gurɗe a idon sawu wajen saukowa, ya kumbura. In je wurin mai ɗori?

Amsa: Idan ba ka iya taka ƙafar ko taku huɗu, ko ƙashin yana ciwo idan an danna shi, ka fara zuwa a ɗauki hoto, domin ba a bambanta targaɗe da karaya da ido. In targaɗe ne, ka huta, ka ɗaga ƙafar, ka sa ƙanƙara a ƙyalle, ka bar murza ta da ruwan zafi. Duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko ka daina jin su, ka kwance shi nan take ka zo asibiti.