Amsa ga ƙanwarmu mai son karanta aikin gwajin ido

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki, kin ce kina son karanta optometiri, wato aikin gwajin ido, amma ana ta ce miki ai wannan sayar da gilashi ne kawai, ga tsoron lissafi, kuma kina so ki san ko akwai aiki in an gama. Toh aikin da nake yi kenan kuma na daɗe a cikinsa, bari in faɗa miki yadda yake daga ciki ba yadda ake rubutawa a takardar talla ta makaranta ba.

Da farko ki raba mutum uku da jama'a ke haɗawa su kira su duka likitan ido. Akwai wanda ya karanta likitanci gaba ɗaya sannan ya ƙware a ido, shi ne mai shiga tiyata ya cire yanar ido da sauransu. Akwai mu, masu gwada ƙarfin gani, mu rubuta gilashi ko lens ɗin da ake liƙawa a ƙwayar ido, mu binciki lafiyar idon ciki da waje, mu ba da maganin abin da doka ta yarje mana, wanda ya fi ƙarfinmu mu tura gaba. Sai na uku mai yanka gilashin ya zaunar da shi a firem daidai fuskar mutum. In burinki ki riƙe wuƙar tiyata ne toh tun yanzu ki sani ba wannan hanyar ba ce. Akwai 'yan wurare kamar jihar Oklahoma a Amurka da suka yarda mu yi wasu ayyukan leza, amma a mafi yawan duniya babu wannan.

Tsawon karatun kuma ya danganta da ƙasa. A Amurka yawanci sai kin yi digiri na farko, ki zana jarabawar shiga makarantar optometiri da ake kira OAT, sannan shekara 4 na digirin optometiri wato OD, sannan jarabawar lasisi. A Najeriya shekara 6 ce kai tsaye sai shekarar koyon aiki a asibiti. A Ingila ba za ki taɓa majinyaci da sunan aikin ba sai kin yi rajista da hukumarsu ta GOC.

Maganar lissafi, gaskiya akwai shi, ba zan ɓoye miki ba, amma ba irin na injiniyoyi ba ne. Fiziks ɗin haske ne, yadda yake lanƙwasa in ya ratsa gilashi. Misali ƙarfin gilashi da dayofta ake auna shi, gilashi mai +2.00 yana tattara haske a nisan santimita 50, mai +4.00 a santimita 25, wato ki raba 1 da nisan a mita shi kenan. In kin iya wannan, ba ki rikicewa da fulos da mainos, za ki iya sauran a hankali. Abin da ya fi kayar da ɗalibai ma a ganina ba lissafin ba ne, haddar sassan jiki ce da ilimin magunguna, don za a sa ki karanta jijiyoyin kai da ƙwaƙwalwa da hawan jini da ciwon suga kamar ba ido kika zo karantawa ba, sai daga baya ki gane dalili.

Yanzu ga ainihin aikin, wanda shi nake so ki yi tunani a kai sosai. Ɗaki ne mai duhu-duhu, kujera ɗaya, allon haruffa a bango (wani likita ɗan ƙasar Holan, Snellen, ya ƙirƙiro shi tun 1862 kuma har yau da shi muke aiki), mutum ya zauna a nisan mita 6 ki ce ya karanta. Sai ki ɗauki ritinoskof, wata 'yar fitilar gwajin ido, ki haska cikin ƙwayar idon kina kaɗa hannu a hankali, kina kallon wani ɗan jan haske da ke dawowa daga bayan ido, in ya bi hannunki ki ƙara gilashin fulos a gaban idon, in ya saɓa miki ki ƙara na mainos, har ya tsaya cak ya cika ƙwayar, sannan ki cire dayofta 1.50 saboda tazarar hannunki. Watannin farko ba abin da za ki gani sai ja kawai, ki rantse malamin ƙarya yake, rana ɗaya kuma sai idonki ya buɗe. Da wannan 'yar fitilar ake gano gilashin jariri da wanda ba ya magana. Daga nan sai tambayar da za ki yi har ki yi mafarkinta, wane gilashin ya fi, na ɗaya ko na biyu? Wani ya ce duk ɗaya ne, wani ya ce na farkon bayan kin riga kin wuce shi sau uku, wata tsohuwa ta fara ba ki labarin jikokinta. Haka za ki yi tun safe har yamma, yau da gobe, shekara da shekaru. Wanda ba shi da haƙuri da mutane wallahi aikin nan zai gundure shi ko nawa ake biyansa.

Amma masu cewa sayar da gilashi ne ba su san abin da ke faruwa bayan an gama karanta allon ba. Wani bawan Allah ya zo min, ya haura 40 da kaɗan, buƙatarsa kawai gilashin karatu don rubutun waya ya fara yi masa dishi-dishi, wanda wannan kusan kowa zai same shi a shekarun nan. Nesa yana karanta 6/6 tsaf, wato ganinsa na nesa lafiya lau. Na auna ƙarfin ruwan idon, wanda aka saba gani tsakanin 10 zuwa 21, nasa ya wuce 30, na leƙa jijiyar gani na ga tsakiyarta ta rarake. Hawan jinin ido ne, gilakoma, ba zafi ba ja ba ƙaiƙayi, daga gefe yake cinye gani har sai ya rage kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ga shi ya fi kama baƙar fata, ya fi saurin yi mana illa. Mutumin nan ya ɗauka so nake in ƙara masa kuɗi, sai da na zana masa a takarda na lallaɓa shi kafin ya yarda ya je wurin mai tiyata. Haka kuma sau da yawa mu ne farkon masu ganin ɗigon jini a bayan ido mu ce wa mutum je ka a gwada sugarka, shi bai ma san yana da ita ba.

Batun samun aiki, buƙata kam akwai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da matsalar gani, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki matsalar da za a iya karewa ce ko wadda ba a kula da ita ba, da yawansu gilashi kawai suke buƙata. Rashin ganin nesa kuma sai ƙaruwa yake a yara, musamman a gabashin Asiya. Sai dai yawan mabuƙata daban, kujerar aiki mai albashi daban, a manyan birane za ki tarar an cika, inda ake neman mu da gaske kuma ba kowa ke son zuwa ba. Kuma ki shirya ma abu ɗaya da ba a faɗa a aji, in shagon gilashi ya ɗauke ki wani manajan zai riƙa ƙirga mutum nawa kika gani da gilashi nawa aka saya, ranar da za ki ce wa majinyaci idonka lafiya lau ba ka buƙatar komai sai kin ga an ɓata rai. Ni dai ina faɗa, kuma waɗannan mutanen su ne suka fi dawo min da iyalansu. Alherinsa kuma, kwanan asibiti da kiran tsakar dare ba su cika samunmu ba, kina iya buɗe wurinki, ko ki ƙware a idon yara, ko taimaka wa masu raunin gani, ko koyarwa.

Masu shigowa don ba su samu likitanci ba su ne na ga sun fi shan wahala, kullum suna leƙen ɗakin tiyata da takaici. Shi ya sa kafin ki cike fom ki nemi wani mai aikin ki roƙe shi ki zauna a bayansa kamar mako guda, ba ranar farko da komai ke burgewa ba, ki kai rana ta huɗu ta biyar ki ji ko har yanzu kina son sanin abin da ke cikin idon mutum na gaba. Sannan ki tabbatar hukumar da ke ba da lasisi ta amince da makarantar, ki duba a wurin hukumar da kanki kar ki tsaya ga abin da makarantar ta faɗa, in kuma kina da niyyar aiki a wata ƙasa ki bincika tun yanzu ko suna karɓar takardar. Ki faɗa min darussan da kika fi ƙarfi a cikinsu da inda kike son yin karatun sai mu ɗora daga nan. Allah ya yi jagora.