Amsa ga Sadiya a kan bikin injin auduga na Burton

Sadiya 'yata, saƙonki ya iso, hotunan ma na gani. Kin ce abokan karatunki sun ɗauke ki daga College Station zuwa wani ƙauye mai suna Burton a watan Afrilu, kika tarar da gari ya cika, ana kiɗa ana jerin gwanon taraktoci, duk don a kunna wani tsohon injin gurzar auduga. Kika tambaye ni wace irin al'ada ce wannan da mutane za su yi wa ƙarfe biki, kuma me ya haɗa Jamusawa da auduga a Texas. Na ji daɗin tambayar, domin ni ma na taɓa tsayawa a gindin injin nan lokacin da aka tura mu kwas, kuma har yau ina tuna shi.

Bari in fara da abin da kika sani. Kin ga kakarki Hajiya tana gurza a tsakar gida, ta ɗora auduga a kan magurji ta murza da ɗan ƙarfe, angurya ta fita gefe. Yini guda ba ta tara abin kirki. Wannan aikin ne injin yake yi, sai dai shi da zartuna masu juyawa yake fizgo audugar ta tsakanin wasu ƙarafa da angurya ba ta iya ratsawa. Eli Whitney ya yi rajistar nasa injin a 1794, daga nan noman auduga ya bunƙasa a kudancin Amurka. Kada ki bari shagalin biki ya ɓoye miki cewa da gumin bayi baƙar fata aka yi wannan bunƙasa, har a gundumar Washington inda Burton take.

Jamusawa sun fara kwarara Texas da yawa a shekarun 1840, suka kafa New Braunfels a 1845 da Fredericksburg a 1846. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865 an 'yanta bayi, manyan gandaye suka soma rarrabuwa, Jamusawa suka riƙa sayen ƙananan gonaki a yankin Brenham, babban garin gundumar, suna nomawa da matansu da 'ya'yansu. Burton kuwa jirgin ƙasa ne ya haife ta, wajen 1870.

To ga inda maganar take. Ƙaramin manomi ba ya iya mallakar injin gurza shi kaɗai, kuma audugar da ba a gurje ba ba ta shiga babbar kasuwa. Wanda ke da inji shi ke riƙe da wuyan manomi. Su kuma mutanen nan sun zo daga ƙasarsu da ɗabi'ar kafa ƙungiya a kan komai: ta waƙa, ta harbi, ta taimakon juna idan gobara ta ci gidan wani. Sai a 1913 manoman Burton suka kafa ƙungiya, kowa ya sayi hannun jari gwargwadon ƙarfinsa, a 1914 suka gina nasu gidan gurza. Ki ɗauke shi kamar gayya ce aka yi wa rajista aka buɗe mata littafin lissafi. Da farko da tururi yake aiki. A 1925 suka sayo injin dizal ƙirar Bessemer mai ƙarfin doki 125 da nauyin tan 16, wanda suke wa laƙabi da Lady B. Ita ce kika ji tana bugawa kamar ana daka a ƙaton turmi.

Idan kaka ta yi, tun da asuba amalanke ke jeruwa a bakin gidan, kowa yana jiran layinsa. A auna amalanken da kayansa, a shigar da shi ƙarƙashin rumfa, a sauko da wani ƙaton bututu ya zuƙe audugar zuwa sama. Wajen kilo 680 na ɗanyar auduga ke ba da dila ɗaya mai kimanin kilo 225, sauran yawanci angurya ce, wadda ake matsar mai da ita a ba shanu dusar. Sau da yawa a gidajen gurza na kudancin Amurka da anguryar nan manomi ke biyan ladan aikin. Zaman jiran layin kuwa shi ne majalisar gari. A nan ake jin farashi, a ji wanda ya yi rashi, a ji wanda ke neman aure. Kuɗin shekara gaba ɗaya, na sutura da na biyan bashin kanti, ta wannan ƙofar yake fitowa.

A 1963 aka koma lantarki, a 1974 aka rufe gidan saboda mutanen yankin sun bar auduga sun koma kiwon shanu. Ya zauna a kulle sama da shekara goma, injuna da takardu duk suna ciki. A 1986 mutanen yankin suka tashi gyara shi, har suka sake tayar da Lady B. A 1994 ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka ta sa shi cikin wuraren tarihinta, kuma yau ana kiransa gidan gurza mafi tsufa da ke aiki a ƙasar. Shi ya sa kowane Afrilu suke kunna shi su gurje auduga a gaban jama'a. Yaron da kika gani a kafaɗar kakansa, ana nuna masa abin da kakan kakansa ya zuba kuɗinsa a ciki ne.

Abin da ya tsaya mini a rai a ranar, Funtuwa na tuno. Mu ma muna da gidajen gurza, a Funtuwa da Zariya da Gusau da Malumfashi, har irin audugar da aka raba wa iyayenmu, Allen, asalinsa daga Amurka ne. Amma kamfanin auduga na Turawan Ingila, BCGA, da aka kafa a 1902, wanda bakinmu ya mayar Bisije, shi ya gina su don masaƙun Lankasha da ke Ingila. Manominmu iyakarsa kasuwar auduga: a duba, a auna, a biya shi, ya juya gida. Mahaifina ya yi shekaru yana kai kaya, bai taɓa taka cikin gidan ba, balle ya ga littafin lissafinsa. Na tsaya a Burton ina kallon sunayen manoma a tsofaffin takardu, ƙwalla ta cika mini ido.

Idan kin samu hutu ki koma ranar da ba biki, lokacin masu kula da wurin suna da sukunin yi miki bayani a natse. Ki roƙa su nuna miki ma'aunin amalanke da matsar dila, ki ɗauko mini hoton zartunan daga kusa. Magurjin Hajiya yana nan a ɗakin Gwaggonki, na ce kada a ba kowa sai kin dawo. Mutanen gida duk suna gaishe ki.

Kawunki