Gidan da za a sayar: me za a gyara, me za a bari?

Jiya muna wanke kayan aiki ka tambaye ni game da mutumin da ya kira ka duba gidansa: ya gyara tukuna, ko ya sayar da shi yadda yake? Ka ce har ya fara zancen sabon tayil da sauya ƙofofi. To, zauna ka ji, ɗana.

Kafin ka ɗauki cebur, tambaye shi wa yake sa ran zai saya. In tsohon gida ne a wurin da fili ya fi ginin daraja, mai saye rushewa zai yi, kuma duk simintin da aka zuba ya tafi a banza. Irin wannan a share shi, a kwashe tarkace, shi ke nan.

In kuwa mai zama ake nema, fara da ruwa, don shi ke cin gini a ɓoye. Ɗaga kai ka dubi silin. Ka ga tabo ruwan ƙasa-ƙasa, zagayayye kamar an zubar da shayi? Yoyo ne. Sau da yawa ƙusa ce ta saki, ko kwano ɗaya ya ɗaga, aikin yini guda. Amma mai saye in ya ga tabon nan, lissafin sabon rufi gaba ɗaya zai yi a ransa, ya zabge kuɗin gidan fiye da abin da gyaran zai ci nesa ba kusa ba. Wannan gyaran yana biyan kansa. Haka famfo mai ɗiga, magudanar da ta toshe, makunnin wuta da ya ƙone, ƙofar da sai an sa kafaɗa take rufuwa. Ƙanana ne, amma su ke sa mutum ya ce an yi watsi da gidan.

Sai tsagewar bango, nan nake so ka buɗe ido sosai. Akwai siririya kamar gashi, wadda ta tsaya a filasta. Kankare ta, cike, wuce. Akwai kuma wadda ta taso daga kusurwar taga ta tafi a karkace, tana bin layin bulo kamar matakala, sama ya fi ƙasa faɗi. In faɗinta ya kai milimita 5, ko taga ta fara cijewa, mai yiwuwa harsashin ginin ne ke motsi. Shafa ɗan siminti a kanta, rubuta kwanan wata a gefe, ka dawo bayan makonni. In ya tsage, ginin bai daina tafiya ba, sai a kira injiniya. Wannan ba aikinka ba ne, ni ma da furfurata ba na yanke hukunci a kai ni kaɗai. Mai gida ya zaɓa: ya gyara daga tushe, ko ya faɗa wa mai saye gaskiya ya rage masa kuɗi.

Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne rufa-rufa. Za a ce maka, "Shafe mana da fenti kawai." Bangon da danshi ke hawa daga ƙasa, wanda ke fitar da farin gari kamar gishiri, ko ka yi masa fenti shafi uku, ruwan sama na farko zai kumbura shi ya ɓare. Ranar nan wanda ya sayar ya yi gaba da kuɗinsa, sunan magini ake tambaya.

Tayil da ƙofofin da mai gidan yake magana kuwa, ka ba shi haƙuri. Launin da ya burge shi ba lallai ya burge matar mai saye ba, ƙarshenta a fasa a sa wani. Fenti mai haske dai yana taimakawa, muddin filastar ta bushe sarai. Sabuwa tana son makonni, kada gaggawar dillali ta sa ka shafa a kan ɗanye.

Na san ranka na cewa babban aiki ne zai kuɓuce maka. Zai kuɓuce, ba musu. Amma wanda ya sayi gidan zai nemi mai gyara, kuma yakan tambayi wanda ya san ginin.

Gobe ka tafi da tsani da tocila, ka leƙa cikin silin ka duba katako ko gara ta shiga. Ƙwanƙwasa shi da guduma. In ya yi ƙarar holoƙo, ka zo ka faɗa mini kafin ka ba mai gidan lissafi.